Shara a Bayan Tanki

"Tsoro nake ji," in ji Kawu Mai Sawu, yana ɗaure igiyar takalminsa a bakin ƙofa. "Gara in faɗa maka tun ba mu tashi ba."

Auta, ɗan yayarsa, wanda ya zo ɗaukarsa a kan babur, ya tsaya da makulli a hannu yana dubansa. Kawu ya san dalilin mamakin. Shekara talatin ya yi yana gadin gandun daji, yana bin sawun masu farautar sata har cikin duwatsu, kuma babu wanda ya taɓa jin wannan kalma a bakinsa.

"Tsoron me, Kawu?"

"A daji sawun baƙo nake bi. In na cim masa, ban san uwarsa ba, ban san ubansa ba. Gidanku kuwa babu baƙo. Duk ƙafar da zan gani a tsakar gidan nan, ko ni na goyi mai ita, ko mai ita ta goye ni."

Abin da ya faru shi ne, kwana uku da suka wuce, Baba, mahaifin Auta, tsohon direban babbar mota, ya miƙe da safe ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa. Ya zube a bakin gado, zuciyarsa tana fafatawa kamar tsuntsun da aka rufe a kwali. A asibiti likita ta kira Auta da babbar yayarsa, wadda kowa ke kira Malama, ta yi musu bayani a baranda. Ta ce akwai wani gishiri a cikin jini da ake kira fotasiyam, wanda tsoka da zuciya ba sa aiki daidai sai da shi, kuma na Baba ya yi ƙasa ƙwarai. Maganin fitar da ruwa da yake sha saboda ciwon zuciya yana wanke wannan gishiri ta fitsari, shi ya sa tun farko aka haɗa masa da wata babbar ƙwaya da ke mayar da abin da ya zube. Ta ce ga dukkan alamu ya yi makonni bai sha ta ba.

Amma kwalbar tana raguwa daidai da kwanaki. Malama ta zazzage ta a kan faranti ta ƙirga har sau biyu. Ƙwaya tana fita daga kwalba kullum, ba ta isa cikin Baba. Mai ajiye maganin kuwa mutum ɗaya ce, matar Auta.

Kafin rana ta faɗi magana ta zaga layin. Wasu suka ce sayarwa take yi, wasu suka ce ta gaji da jinya. Matan da suka saba aro mata turmi suka daina amsa gaisuwarta da baki, sai da kai. Malama ta yanke hukunci: ranar da aka sallamo Baba, ranar yarinyar za ta koma gidan iyayenta. Inna kaɗai, matar Baba kuma yayar Kawu, ba a gaya wa komai ba, don tana gefen gadon mijinta tun ranar da ya faɗi, aka ce kada a ƙara mata tashin hankali.

"Yau da yamma za a sallamo shi," in ji Auta. "Kawu, matata ba za ta iya kashe kiyashi ba."

"Kowa haka yake cewa game da tasa. Tayar da babur."

Suka fara da kemis ɗin da ke bakin titi, domin akwai masu cewa maganin ne jabu. Mai Kemis, siririn mutum mai yawan goge tabarau, yana ganin Kawu ya fito da kwali da takardu tun ba a tambaye shi ba.

"Ranka ya daɗe, likita da kanta ta duba kwalbar, ta ce na gaskiya ne. Ni ko ruwan gishiri ba na sayarwa sai na duba kwanan wata."

"Ban ce ka yi komai ba. Me ka gaya wa yarinyar ranar da ta fara saya?"

"Abin da nake gaya wa kowa." Ya ɗaga yatsu yana lissafawa. "A sha bayan an ci abinci. A kora da ruwa kofi cike, mutum yana zaune a miƙe. A haɗiye ta ɗungurungum, kada a tauna, kada a daka, don an yi ta ne ta riƙa sakin magani sannu a hankali, in aka farfasa sai ta ƙona ciki. In an manta wata rana, kada a haɗa biyu, don yawansa ma haɗari ne ga zuciya." Sai ya waiga, ya rage murya, ko da yake babu kowa a shagon. "Na biyar, gafara dai, jikin ƙwayar kamar kakin zuma yake. Wani lokaci magani ya tsotse, ɓawon ya fito a bayan gida kamar ba a taɓa shi ba. Na ce kada su tsorata."

"Allah ya sawwaƙe," in ji Kawu. "Kai dai sana'arka ba ta da kunya."

"Kunya ba ta warkar da kowa, ranka ya daɗe."

Kawu ya lura da hannuwan mutumin. Rawarsu ta mai tsoron a ɓata masa suna ce, ba ta mai ɓoye abu ba. Ya cire shi daga lissafi.

A gida suka tarar da matar Auta a bakin famfo tana wanke wani ɗan farantin tangaran mai zanen fure, wanda da gani a wanke yake. A ƙofar ɗakinta akwai akwati a ɗaure. Ta durƙusa ta gaishe shi, idanunta sun kumbura.

"Tashi, 'yata. Nuna mini yadda kike yi, kamar ba na nan."

Ta nuna masa. Kwalabe uku a kan kanta, nesa da zafin murhu. Ta ciro ƙwaya daga kowace: ƙaramar fara, ƙaramar ja, da babbar. Ta jera su a farantin, ta ɗora a tire tare da kofin ruwa, ta taka har ƙofar ɗakin Baba, ta tsaya cak a bakin labule.

"Daga nan fa?"

"Sai in yi sallama, Inna ta miƙo hannu ta karɓa."

"Kin taɓa ganin ya haɗiye?"

Ta zaro ido. "Kawu, ta yaya zan tsaya ina kallon bakin surukina?"

"Bayanin Mai Kemis fa, wa kika gaya wa?"

"Inna. Ranar da na sayo." Ta maimaita masa: bayan abinci, ruwa kofi cike, kada a daka, kada a haɗa biyu.

Kawu yana ƙirgawa da yatsu a cikin aljihun rigarsa. Yatsa ɗaya ya rage a miƙe.

"Shi ke nan?"

Ta sunkuyar da kai, ta shiga murza gefen mayafinta. "Shi ke nan."

Kawu ya lura da ita. Yarinyar nan tana riƙe da wani abu a bakinta. Ya dubi Auta, ya ga yana kallon matarsa kamar wanda ke kallon gidansa a bakin ambaliya, sai ya haɗiye tambayar da ta zo masa.

Zarginsa na gaba Baba ne da kansa, domin Kawu ya san tsofaffi da tofar da magani. A asibiti ya same shi a kishingiɗe, an cire masa ƙarin ruwa, Inna tana shafa masa mai a ƙafa.

"Jela!" in ji ta, fuskarta ta washe. Tun suna yara take kiransa haka, don duk inda ta sa ƙafa yana bayanta. "Sai yau ka ga damar zuwa? Dubi wuyanka, kamar na zakaran da aka fige. Ba ka cin abinci."

"Yaya, ina ci."

"Ƙarya kake. Zauna in samo ruwan zafi."

Tana fita, Baba ya kanne ido ɗaya. "Mai Shinshina, wa ya saci akuya aka kira ka?"

"Direba, kai na zo shinshinawa. Ina kake tofar da babbar ƙwaya? Ƙarƙashin katifa ko bayan taga?"

"Ni? Duk abin da aka sa mini a tafin hannu, na haɗiye shi. Na rantse da duk tayar da na taɓa canzawa."

"Guda nawa ake sa maka?"

Baba ya gyara kwanciya. Idonsa ya tafi ƙofar da Inna ta bi, ya dawo.

"Ni direba ne. Hanya nake kallo, ba na ƙirga kaya."

Kawu ya taɓa ganin irin wannan kallo. Haka barewa take duban inda ta ɓoye ɗanta, sannan ta yi sauri ta dubi wani wurin.

A baranda Inna ta tare shi da fulas a hannu. Ta kama hannun rigarsa ta ja shi gefe.

"Jela, cikinsa ne ya toshe, ni na sani. Kafin ya faɗi sai ya kwana uku bai zaga ba. Na gaya wa yaran asibitin nan, sun ce wai ƙarancin gishirin ne yake kawo haka. Ni dai na san abin da na gani."

"Me kika gani, Yaya?"

Ta sake shi. "Abin da ba a faɗa wa ƙane. Je ka ci abinci."

Ya koma gidan shi kaɗai da rana tsaka. Ya ɗaga katifar Baba, ya leƙa bayan taga, ya zazzage aljihunan riguna, bai sami komai ba. Tsakar gida kuwa ta zama kasuwa: kwana uku 'yan dubiya da 'yan jin gulma suna tattakawa, kuma ba a yi shara ba, domin Inna ba ta yarda kowa ya taɓa tsintsiyarta. Sawu a kan sawu, ba abin da za a karanta.

Ya tsaya a tsakiya ya yi abin da ya saba yi a daji idan hanya ta rikice: ya daina duban inda aka taka, ya nemi inda ba a takawa.

Tsakanin tankin ruwa da katanga akwai wani ɗan lungu da bai fi faɗin kafaɗa ba, kwano ya rufe samansa, iska ba ta shiga. Wuri ne da ya kamata a ce yana cike da busasshen ganye da yanar gizo. Amma ƙasar wurin a share take tas, layukan tsintsiya kwance a kanta kamar an taje gashi.

Ya tsuguna. Mutum ba ya share inda ba ya shiga, kuma ba ya shafe sawunsa sai yana da abin ɓoyewa. Ya bi layukan da ido. Mai shara da hannun dama yakan kwantar da su daga dama zuwa hagu. Waɗannan daga hagu suka taso.

Bahaguwa ɗaya ce a gidan. Ya san wannan shara tun bai iya sa wando da kansa ba, yana zaune a dokin ƙofa yana kallon yayarsa tana share tsakar gidan iyayensu, mahaifiyarsu tana faɗa a kan hannun da ta riƙe tsintsiya da shi.

Ya daɗe a tsugune kafin ya ɗauki tsinke ya tona inda ƙasa ta fi laushi. Gwangwanin madara ne, an rufe bakinsa da leda. A ciki manyan ƙwayoyi, ashirin da uku. A kansu akwai ɗan tsumma a ƙulle. Ya kwance, ya ga wata ƙwaya guda, siffarta ɗaya da sauran, sai dai ta dushe, kuma da gani an wanke ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ya danna gefenta da farce, ta lotsa kamar kaki.

Sai yatsan nan da ya rage a aljihunsa ya lanƙwashe da kansa. Tun da gwiwoyin Baba suka yi tsanani, a ɗaki yake zagawa, kuma Inna ce kaɗai take fitar da fo. Kawu ya zauna daɓas a ƙasa, gwangwani a cinya, ya rasa ko dariya zai yi ko kuka.

Da yamma aka dawo da Baba. Kawu ya sa Auta ya kira Mai Kemis, ya tara kowa a falo. Baba a doguwar kujera da matashi a baya, Inna a gefensa, Malama ta harɗe hannu a ƙirji, matar Auta kuwa a tsaye a bakin ƙofa, akwatinta a bayanta.

"Wa zai yi tafiya?" in ji Inna.

Aka dubi juna. Malama ta gyara zama.

"Inna, mun ɓoye miki ne don hankalinki. Likita ta ce makonni Baba bai sha babbar ƙwayarsa ba, shi ya kayar da shi. Ga wadda maganin ke hannunta. Ni ba zan bari ta kwana a gida ɗaya da mahaifina ba."

Kawu ya ga jinin fuskar yayarsa ya janye. Ya so ƙwarai ya tashi ya fita, ya bar gwangwanin a aljihu har abada. Amma ga yarinya can a tsaye da akwati. Ya fito da shi ya ajiye a kan tebur, ya shimfiɗa tsumman a gefe.

"Ban zo kiran sunan kowa ba," in ji shi. "Mai Kemis, dubi wannan ta cikin tsumma, ka gaya mana mece ce."

Mai Kemis ya goge tabarau, ya sunkuya. "Wannan ai fanko ce. An sha ta, ta yi aikinta, ɓawon ne ya fito. Maganin yana cikin jinin mai shi tuntuni."

"Ta yi aikinta?" Muryar Inna ce, siririya kamar ba tata ba. "Ɗan nan, sake faɗa."

"Ta yi aikinta, Inna. Haka aka yi ta."

Inna ta ɗora hannu biyu a ka. "Wayyo ni. Ni ce. Ku bar yarinyar nan, ni ce."

"Inna!" in ji Malama.

"Kwana uku a jere ina ganinta a fo, ɗungurungum, yadda ta shiga haka ta fito. Na ce dutse aka sayar wa ɗiyata ba ta sani ba. In na ci gaba da ba shi, su taru su toshe masa hanji. In na faɗa, ke," ta nuna Malama, "ki cinye ta ɗanya, don na san bakinki, ni na haife shi. Kuma da wane ido zan dubi 'ya'yana in yi musu zancen fon ubansu? Sai na ce bari in riƙa cirewa a hankali, in rufa mata asiri. Ashe rami nake tona mata, shi kuma ina kashe shi da hannuna."

Sai ga matar Auta ta zube a gabanta tana kuka.

"Inna, laifina ne. An gaya mini zancen ɓawon. Na zo zan faɗa miki, na kai bakin labule, na ji nauyin in ambaci bayan gidan Baba. Na ce ai ba wani abu ba ne. Ko ɗazu Kawu ya tambaye ni, na kasa."

"To, madalla," in ji Baba daga kan kujera. "Kowa ya ji kunyar fona, yanzu ga shi an baje shi a falo har da baƙo."

Auta ne ya fara fashewa da dariya, hawaye na zuba. Mai Kemis ya dubi silin.

"Kai ma ka sani, Direba," in ji Kawu.

"Na sani mana. Uku suka koma biyu, makaho ne ni? Shekara hamsin matar nan tana sa mini abu a tafin hannu, ban taɓa tambaya ba, sai yanzu zan fara? Kuma tsakani da Allah, ƙwayar nan kamar haɗiyar kusoshin taya take. Da ta ɓace, na ɗauka sauƙi ne ya zo."

"Akwai na ruwa, Baba," in ji Mai Kemis da sauri. "In haɗiya ce matsala, a gaya wa likita ranar da za a koma gwajin jini, ita za ta canza. Waɗannan na gwangwani kuma a ba ni in zubar, sun sha danshi."

Malama ta sauke hannuwanta daga ƙirji. Ta tashi ta fita. Sai aka ji ƙarar akwati ana jansa a kan siminti, ta wuce da shi har ɗakin Auta, ta dawo tana haki, ta tsaya a kan matar ƙanenta.

"Me kika zuba a ciki, duwatsu?" Ta share ido da bakin mayafi. "Ni na yaɗa maganar nan a layi, ni zan bi gida gida in kwashe ta. Ki yafe mini, ƙanwata. Bakina ya riga hankalina."

Inna ta juyo ga Kawu, idanunta jajur. "Jela, ta ina ka gane?"

"Yaya, sawunki na fara bi a duniya. Kin share na ƙafa, kin bar na hannu."

"Ɗan banza," in ji ta, ta kama kunnensa ta ɗan murɗa, kamar yadda take yi shekara sittin da suka wuce.

Matar Auta ta miƙe ta fita. Jim kaɗan ta dawo da tire: abinci, kofin ruwa cike, da farantin nan mai zanen fure. Ta iso inda ta saba tsayawa, ƙafarta ta ɗan dakata. Sannan ta ƙarasa ciki, ta jawo kujera ta zauna daf da surukinta, gwiwa da gwiwa. Muryarta ta fita sarai, har ta kai tsakar gida.

"Baba, Inna, ku gafarce ni, daga yau na daina tsayawa a bakin labule. Ni zan ba shi da hannuna, in zauna in kalli bakinsa har sai ya haɗiye. Abin da kuma aka gani a fo, a faɗa mini da sunansa. Baba, miƙe zaune."